Rabin Maganin Auta

Ɗana ya rasu yana da wata bakwai da aure. Gyaran wutar lantarki yake yi. Ya hau tsani a wani gini da ba a gama ba, tsanin ya zame. Da safe ya sha shayi a tsaye a bakin teburina, kafin azahar abokan aikinsa biyu suka zo, kowanne yana jiran ɗan'uwansa ya fara magana.

Muka rage mu uku a gidan, ni da Auta mai shekara goma sha shida, da matarsa. Tun ranar da ta shigo gidan muke ce mata Amarya, sunan ya bi ta. Tela ce, kekenta yana ɗakinsu kusa da taga. Mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Malama saboda ta daɗe tana koyarwa, ta so ta tafi da ita tun a satin farko. Amarya ta ce a bar ta tukuna. Ba ta faɗi dalili ba, amma na ga rigar aikinsa tana rataye a bayan ƙofa, ba ta wanke ta ba.

Ni tebur gare ni a ƙofar gida. Ina sayen sukari da gishiri da garin sabulu da man shafawa a manyan mazubai, in ƙulla a leda ko in zuba a ƙananan robobi. Shekara ashirin ina wannan aiki. Hannuna ba ya ganin abu babba ya ƙyale shi yadda yake. Ko sabulun wanka na sayo, sai na sa wuƙa na yanka kowa ya ɗauki nasa. A gidana ba a taɓa cewa wannan na wane ne shi kaɗai ba.

Kurajen Auta sun fara tun tana shekara goma sha huɗu. Yayanta yakan ce fuskarta ta fi akwatin mitar wuta maɓallai, ta bi shi da takalmi. Bayan rasuwarsa abin ya wuce wasa. Manya suka fito mata a haɓa da kumatu, masu tauri, masu zafi, in al'adarta ta kusa sai su ƙaru. Mun gwada lemun tsami, mun gwada man goge baki, mun gwada mai iri uku daga kemis. Wata safiya na same ta zaune a bakin gado da kayan makaranta a jikinta, ba ta sa takalmi ba.

"Ba zan je ba, Mama."

"Dalili?"

"Sun sa mini suna. Titin bayan kasuwa."

"Me ya haɗa ki da titi?"

"Ramuka da tsakuwa."

Na yi niyyar yi mata faɗa, sai na ga ta matse guda har ya yi jini ya ɓata mata wuyan riga. Na rufe teburin, muka tafi asibiti wajen likitar fata.

Likitar yarinya ce, da ƙyar in ta girmi ɗana, da tabarau. Ta haska fuskar Auta da fitila, ta taɓa nan da can. Ta ce ba ƙazanta ba ce, ba kuma abinci ba ne kaɗai. Akwai sinadaran jiki da ke tashi lokacin balaga, da gab da al'ada, su ne ke sa fata ta yi maiƙo da yawa har ƙofofinta su toshe. Ta ce ko manyan mata suna fama da shi. Ta ce za ta rubuta maganin shafawa wanda ba a sayarwa sai da takardar likita. Har na fara jin sonta. Sai ta ajiye biro ta dubi Auta.

"Kafin in rubuta sai na tambaye ki. Akwai yiwuwar kina da ciki?"

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Likita, 'yar makaranta ce. Yayanta bai yi wata guda a ƙasa ba, za ki kawo mana wannan magana?"

"Mama, kowa nake tambaya. Ki zauna in gaya miki dalili."

"Ita ba kowa ba ce. Riƙe dalilinki."

Na ɗauki jakata na fita. Auta ta tsaya minti biyu ko uku, ta fito da takarda a hannu, idonta jawur. Abin da ta riƙe shi ne a shafa da dare bayan an wanke fuska ta bushe, kamar ƙwayar wake, kuma a guji rana. Sauran ta ce kunya ta toshe mata kunne. A hanya na ce mata kar in ƙara jin maganar nan a bakinta, ko a gida.

Maganin ya zo a kwali, da takarda a ciki mai ƙananan rubutu kamar ƙafar kiyashi, a harshen da ba na karantawa. Kwalin na jefar. Takardar na naɗe na yi mazurari da ita, na zuba gishiri a leda har ta yage.

Bayan sati guda na lura da fuskar Amarya. Ita da fatarta take sumul, sai ga kuraje sun jeru mata a gefen muƙamuƙi har wuya. Na ɗauka kuka ne da rashin cin abinci. Mata suna zuwa awon ɗinki, tana kare fuska da gefen mayafi. Auta ta ce, "Anti, barka da shigowa titinmu," Amarya ta yi dariya, dariyar farko da na ji daga bakinta tun rasuwar.

Ranar na ɗauko maganin Auta na matse rabinsa a sabuwar roba. Na duba na ga bai kai ko tsakiyar robar ba, ya yi kama da rowa. Sai na ɗebo farin man shafawa na teburina na ƙara, na juya da tsinke har ya haɗu, robar ta cika. Na kai mata.

"Ga naki. Na likita ne, ba na kemis ba."

"Mama, ai na Auta ne."

"A gidan nan akwai na Auta? Ki lafta sosai, kar ki yi masa rowa."

Ta karɓa da hannu biyu.

Sati uku ko fiye da haka, tana cikin auna wata mata da ke aikin jinya, jiri ya kwashe ta, ta zauna a ƙasa da tef ɗin awo a wuya. Matar ta ba ta ruwa ta tambaye ta yaushe rabonta da al'ada. Amarya ta ce tun kafin rasuwar, ta ɗauka tashin hankali ne ya ɗauke ta. Washegari a asibiti aka ce ciki ne, wata biyu da rabi.

Da muka dawo na zagaya bayan gida na kifa bokiti na zauna a kai. Ban yi irin wannan kukan ba ko ranar da aka kawo gawarsa. Ɗana bai bar gida ba, bai bar gona ba, akwatin kayan aikinsa ma abokansa ne suka tattaro. Ashe ya bar wannan.

Daga ranar na zama 'yar sanda. Na hana ta ɗaukar bokiti. Na hana ta taka keken ɗinki. Kanta ya yi ciwo ta nemi ƙwaya, na ce sai dai ta kwanta. Malama tana zuwa kullum da lemo da madara, muna gasar wa ya fi kula da ita. Amma duk yamma in mun gama cin abinci, ni da bakina nake cewa, "Amarya, kin shafa maganinki?" Don kurajen sun ƙaru, ba na so ta shiga damuwa. Kwana goma ina wannan tambaya.

Sai maganin Auta ya ƙare. Da farko fatarta ta yi ta saɓa, ta yi ja, har ta so ta daina, amma yanzu manyan sun fara kwanciya. Mai kemis ya ce ba zai bayar ba sai da sabuwar takarda. Na haɗiye girman kaina muka koma.

Likitar ta gaishe ni kamar ba abin da ya faru. Ta duba Auta ta ce an samu ci gaba. Sai ta ɗaga bututun maganin da Auta ta matse har ya naɗe.

"Wannan na wata uku ne. Yau sati shida. Ke shafawa kike yi ko ci?"

Auta ta yi murmushi. "Mun raba ne da Anti."

"Wace Anti?"

"Matar yayana."

"Na likita ba a rabawa. Ita ma sai an duba ta. Shekararta nawa?"

"Ashirin da uku," na ce. "Nata ai na ciki ne, in ta haihu za su tafi."

Likitar ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur.

"Ciki gare ta?"

"Wata uku ya kusa."

"Tun yaushe take shafawa?"

Na lissafa da yatsu. "Sati biyar."

"Mama, wannan shi ne dalilin da kika ce in riƙe. Mai ciki ba ta shafa maganin nan. Ana tsoron ya taɓa halittar yaro, musamman a watanni ukun farko."

Na ji fankar ɗakin tana juyawa, na ji wani yana tura keken marasa lafiya a waje. Auta ta kama hannuna. Likitar ta ci gaba da magana, wannan karon ban tashi ba, amma ba abin da ya zauna a kaina sai biyu: ta daina daga yau, kuma in kawo ta gobe ƙarfe goma.

Da muka isa gida Amarya tana wanka. Na shiga ɗakinsu, robar tana kan taga kusa da almakashinta, saura kaɗan a gindi. Na saka ta a aljihun zanen aikina. Da yamma ta fito tana dube-dube.

"Mama, kin ga robar maganina?"

"Na ga ya fara wari, na zubar."

"Wari? Jiya lafiya ƙalau yake."

"Hancin mai ciki ba abin yarda ba ne."

Ta yi dariya ta koma. Auta tana wanke kwanoni, ta tsaya da kwano a hannu tana kallona har na juya mata baya.

Da safe ƙarfe takwas ta yi ban ce komai ba. Na buɗe tebur, na ƙulla sukari, ledar tana suɓuce mini. Takwas da rabi Auta ta fito, ba ta sa kayan makaranta ba.

"Mama, ƙarfe goma ta ce."

"Na ji."

"In ba za ki faɗa ba ni zan faɗa."

"Ke ce uwar ko ni?"

"Ke ce. Shi ya sa nake jira."

Kafin in ba ta amsa Malama ta sauko daga mota da ledar lemo. Na so a ce ta makara ranar. Muka shiga tare. Amarya tana zaune a kan tabarma tana cire zare daga wata riga. Na tsaya a bakin ƙofa, na fito da robar na ajiye a gabanta.

"Ban zubar ba. Ƙarya na yi miki. Likita ta ce mai ciki ba ta shafa shi. Ta ce in kawo ki yanzu."

Malama ta ajiye lemon a hankali. "Wane magani ne?"

Auta ta ɗauko tsohon bututun daga jakarta. Malama ta warware shi, ta sa tabarau, ta kai shi bakin taga. Ta karanta a zuci, sannan ta fassara mana kalma kalma, da muryar da take yi wa 'yan aji.

"Kada a yi amfani da shi in ana da ciki ko ana neman ciki. A jikin abin yake. Ina kwalin? Ina takardar ciki?"

"Na jefar."

"Likitar ba ta gaya miki ba lokacin da ta rubuta?"

Nan ne na so ƙasa ta buɗe. Zan iya cewa ba ta faɗa ba, kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Auta tana kallon ƙasa.

"Ta so ta faɗa. Na yi fushi na fita."

"Kin yi fushi," Malama ta maimaita. Ba ta ɗaga murya ba. "Kin hana 'yata ƙwayar ciwon kai, kina ba ta wannan a robar man kitso."

Amarya ta tashi ta tafi bakin famfo ta fara wanke fuska. Ta sa sabulu ta ɗauraye, ta sake sawa. A karo na huɗu Auta ta je ta rufe famfon.

A ɗakin likita kujera biyu ce, Amarya da Malama suka zauna, ni da Auta muka tsaya a bango. Likitar ta fara tambaya tana rubutawa.

"Ina da ina kike shafawa?"

"Fuska, da wuya. Wani lokaci ƙirji."

"Kamar yaya yawansa?"

Amarya ta nuna gaɓar yatsa guda, ta ƙara rabin ta biyu.

"Wa ya ce ki sa haka?"

Na ce, "Ni ce na ce ta lafta."

Likitar ta buɗe robar, ta lakato, ta murza a yatsa, ta shinshina.

"Wannan ba haka yake fitowa daga bututu ba."

"Na ƙara masa man shafawa don ya cika robar."

Malama ta juyo da kujerarta gaba ɗaya ta dube ni. "Har da algus."

"Kashi nawa kika ƙara?" likitar ta tambaya.

"Ban auna ba. Da ido nake yi."

"To kin ga yanzu ba zan iya cewa ga yawan abin da ta shafa ba." Ta rufe robar ta jingina da kujera. "Ku saurare ni duka, kuma kar wanda ya fita. Akwai ƙwayar sha dangin maganin nan, ita ce aka tabbatar tana lalata halittar yaro, shi ya sa muke hana na shafawar ma. Abin da ke ratsa fata ya shiga jini kaɗan ne ƙwarai. Mata da yawa sun shafa ba su san suna da ciki ba, kuma mafi yawansu sun haifi 'ya'yansu lafiya. Hatsarin ƙarami ne."

"Ƙarami ko babu?" in ji Malama.

"Ƙarami. Ba zan ce miki babu ba."

"Yaushe za a sani?" Amarya ce, karo na farko da ta yi tambaya.

"In ya kai wata biyar za a yi hoton ciki na musamman, a duba kai da zuciya da ƙashin baya da gaɓoɓi. Zan rubuta wa likitan masu ciki yau. Akwai wani maganin shafawa da mai ciki ke iya amfani da shi, in kina so."

"Ba na so. Su fito duk inda suka ga dama."

Da za mu fita likitar ta ce mini, "Mama, ni ma da laifina, da na biyo ki waje ranar."

A ranar Malama ta kwashe 'yarta. Ba a yi faɗa ba. Amarya ta haɗa akwati ɗaya, ta cire rigar aikin daga bayan ƙofa ta ninke ta sa a sama. Keken ta bari. Ta durƙusa ta ce, "Mama, sai an kwana biyu," ba ta ɗago ba.

Sati bakwai ne tsakanin ranar da ranar hoton. In na kira waya Malama ce ke ɗauka. "Tana barci." Ko, "Tana wanka." Na aika da lemo, aka ce suna da shi. Nakan tashi da safe in lissafa kwanakin, in manta, in sake daga farko. Mata suna zuwa sayen man shafawa a ƙaramar roba, sai in ji hannuna ya ƙi. Na ce musu ya ƙare, alhali babban galan yana ƙarƙashin tebur.

Fuskar Auta kuwa kullum gyaruwa take yi. Kurajen suka kwanta, sai tabo. Wata yamma na ga sabon bututun a kwandon shara, ko rabinsa ba a shafa ba.

"Me ya kai wannan nan?"

"Ba na so in yi kyau da shi, Mama. Anti tana can."

Na ɗauko na goge na miƙa mata. "Naki ne. Da sunanki aka rubuta. Maganin bai yi laifi ba, ke ma ba ki yi ba. Ki shafa yadda aka ce, kuma ki kulle shi a akwatinki."

"Daga wa?"

"Daga ni."

Ana saura kwana biyu a yi hoton Auta ta nuna mini waya. "Anti ta ce Talata ƙarfe tara. Ba ta ce ki zo ba, ba ta ce kar ki zo ba."

Na isa tun bakwai da rabi. Dogon benci ne a gaban ɗakin hoto, mata masu ciki jere kowace da katinta. Amarya da Malama suka iso tara saura. Cikin ya fito sosai. Fuskar Amarya ta cika da kuraje har goshi, ba ta rufe ba. Ta rusuna ta gaishe ni. Malama ta ce, "Mutum ɗaya ake bari ya shiga da ita," ta zauna a can ƙarshen bencin, ta ajiye jakarta a tsakaninmu.

Aka kira su suka shiga. Matar da ke kusa da ni ta ce, "'Yarki ce?"

"Matar ɗana."

"Shi yana ina, ya bar tsofaffi da wahala? Mazan nan sai a ranar suna ake ganinsu da sabuwar hula."

Na ce yana nesa. Ta ci gaba da ba ni labarin nata mijin, ni ina kallon agogon bango. Wadda ta shiga kafin su minti goma sha biyar ta yi. Su sun wuce rabin awa. Da ƙofar ta buɗe Malama ce ta fara fitowa, ba takarda a hannunta. Na miƙe na dafa bango.

"Ba a gama ba," ta ce. "An ga kai, an ga ƙashin baya. Yaron ya juya baya, ba a ga zuciyar ba. An ce ta sha abu mai sanyi ta zagaya ta dawo."

Malama tana da ciwon gwiwa, tsayuwar da ta yi a ciki ta gajiyar da ita. Ta zauna. Amarya ta karɓi ruwan sanyi ta kama hanyar barandar, na bi bayanta ba tare da an ce in bi ba. Muka je ƙarshe muka juyo. A zagaye na biyu ta rage sauri har na zo daidai da ita.

"Na yi fushi da ke, Mama."

"Na sani."

"Har yanzu ina yi."

"Ki yi. Ba zan ce ki bari ba."

Muka wuce ɗakin allura, wani jariri yana tsala kuka a ciki.

"Kullum Umma sai ta karanta mini abin da ta gani a waya. Yau ta ce ba komai, gobe ta ce akwai komai. Ni dai ina so in ji wani ya kira sunansa, shi mai cikin. A can ba mai kira, suna tsoron in yi kuka."

Na kira sunan ɗana a bakina a hankali, yadda nake kiransa in ya manta abincinsa zai fita aiki. Ta tsaya ta dafa ciki.

"Ya motsa?"

"Ruwan sanyin ne," ta ce, tana share ido da bayan hannu.

Da aka sake kiran ta, Malama ta fara yunƙurin tashi. Amarya ta ce, "Umma, ki huta da gwiwar nan. Mama ta shiga." Malama ta buɗe baki, ta dubi matan da ke bencin, ta rufe.

Ɗakin da duhu, sai hasken allon na'ura. Mai hoton babbar mace ce, ba ta son surutu. Ta zuba wani abu mai yauƙi a cikin Amarya, ta ɗora kan na'urar tana dannawa tana gogawa. Ni ban ga komai ba sai toka-toka da baƙi. Ta tsaya wuri ɗaya ta daɗe. Ta danna maɓalli, ta auna, ta goge, ta sake aunawa. Amarya ta kama gefen zanena ta murɗe.

"Akwai matsala ne?" na tambaya.

"Hajiya, in ina ƙirga ba na magana."

Ta ci gaba da aunawa. Sai ta juyo da allon wajenmu ta sa yatsa a kan wani ɗan abu da ke buɗewa yana rufewa.

"Ga zuciyar. Ɗakuna huɗu, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Manyan jijiyoyin suna inda ya kamata. Leɓe a haɗe. Hannu biyu, ƙafa biyu." Ta miƙa wa Amarya takardar goge jiki. "Abin da na'urar nan ke iya gani, ban ga matsala ba. Akwai ƙananan abubuwan da ba ta nunawa, waɗannan sai an haihu."

Waɗannan ƙananan abubuwan nake ɗauke da su har yau, don saura sati shida ta haihu. Amma a ranar na ji kamar an sauke mini buhu daga ka.

Na riga Amarya fitowa, tana gyara zane. Malama tana tsaye a bakin ƙofa, da gwiwar da komai.

"Me suka ce?"

"Ɗakuna huɗu. Ta ce ba ta ga matsala ba. Sauran sai an haihu."

"Ba ni takardar."

Na ba ta. Ta sa tabarau ta karanta daga sama har ƙasa, ta koma sama ta sake. Ta lallaba ta zauna, ta ɗauke jakarta daga kan bencin ta ɗora a cinya.

"Zauna mana," ta ce. "Ke ma ƙafarki ba ta riƙe ki ba."